Kiɗa Inda Babu Nauyi: Jinjina ga Chris Hadfield da Jitarsa

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ba ya jin Hausa, ko da kuwa dandalin da ya baje gwanintarsa yana can sama da nisan kilomita 400. Ranar 12 ga Mayun 2013, Chris Hadfield, ɗan ƙasar Kanada, yana gab da kammala wa'adinsa na kwamandan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, ya saki bidiyon waƙa na minti biyar da 'yan kai. Washegari ya shiga kumbon Soyuz ya kamo hanyar gida. A bidiyon ga mutum yana shawagi rungume da jita, babu igiyar da ta riƙe shi, babu kujera, babu siddabarun kwamfuta, ga duniya tana gilmawa ta taga a bayansa. Shi ne bidiyon waƙa na farko da aka ɗauka a sararin samaniya, kuma wallahi har gobe ban ga na biyunsa ba wajen daɗi da ban mamaki.

Mu nan ƙasar Sakkwato ba a yi mana burga da kiɗa. Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan'anace ta ga gwanaye iri-iri. Balle mu mutanen Lafani ta ƙasar Illela, da muke zaune a bakin iyaka, kunnenmu ɗaya yana jin kalangun Sakkwato, ɗaya yana jin gurmin Ƙonni da Tawa. Saboda haka in na ce aikin nan ya girgiza ni, ba ƙauyanci ne ya sa ba. Abin da ya kama ni shi ne Hadfield ya tona asirin wani ɗan ƙungiya da kowane makaɗi yake tafe da shi tun ranar da ya fara koyo, bai taɓa lura da shi ba. Nauyi. Nauyi ɗan amshi ne da ba a gani, ba a ba shi kaso in an zo rabon kuɗin biki, amma shi ke zaunar da ganga a cinya, shi ke dawo da hannu bayan an ɗaga, shi ke manna ƙafar makaɗi da ƙasa. Hadfield ya je inda ɗan amshin nan bai bi shi ba, ya ɗauki jita, kuma waƙa ta fito raɗau. Wannan nake yi wa jinjina.

Ɗan manomi ne fa. An haife shi a 1959 a garin Sarnia na lardin Ontario, ya tashi a gonar masara. Yana ɗan shekara tara, a Yulin 1969, ya kalli saukar mutanen Apollo 11 a duniyar wata ta talabijin, ya ƙudurce a ransa shi ma sai ya hau sama, a lokacin da ƙasarsa ba ta da ɗan sama jannati ko ɗaya. A cikin wannan Yulin ne kuma mawaƙin Ingila David Bowie ya fitar da waƙarsa Space Oddity. Dubi ikon Allah: burin yaro da waƙar suka kama hanya lokaci guda, suka haɗu a sama bayan shekara 44. A tsakani ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya zama mai gwajin sababbin jirage, a 1992 hukumar sararin samaniyar Kanada ta zaɓe shi. Da ya yi tafiyarsa ta farko a 1995 zuwa tashar Mir ta Rasha, tsarabar da ya kai wa mazauna tashar jita ce mai naɗewa. Daga nan ka san irin mutumin. Ranar 19 ga Disamban 2012 ya tashi daga Baikonur ta Kazakistan tare da Tom Marshburn na Amurka da Roman Romanenko na Rasha, ya yi kusan wata biyar a sama.

Jitar da ya tarar a can ita ma tana da tarihinta. Ƙirar kamfanin Larrivée ce na Kanada, 'yar madaidaiciya, kumbon Discovery ya kai ta a Agustan 2001. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan sama jannati a hukumar NASA ne suka aika ta, don sun san kaɗaici da kewar gida ba a maganinsu da ƙwaya. Kafin Hadfield ya rungume ta, ta kewaya duniya fiye da sau 60,000. Wane abin kiɗa ne ya taɓa yin irin wannan yawon?

Sai mu tsaya kan rashin nauyin nan, don da yawa suna ɗauka can sama ƙasa ta daina jan abubuwa ne. A'a. A nisan kilomita 400 kusan kashi 90 cikin 100 na jan da muke ji a nan yana nan daram. Abin da ke faruwa shi ne tashar faɗowa take yi dare da rana, sai dai tana tsala gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a ta gefe, har ya zama duk faɗowar da ta yi, doron ƙasa ya lanƙwashe ya kauce mata. Cikin minti 90 da 'yan kai ta gama zagaye ɗaya, rana ta fito musu sau 16 ta faɗi sau 16 a kwana guda. To tunda tashar da mutanen da jitar duk tare suke faɗowa da gudu ɗaya, babu mai danne wani, babu abin da ke zaune a kan wani abu.

Ita jitar ba ruwanta da duk wannan. Sautin tsirkiya ya dogara ne da tsawonta da kaurinta da yadda aka ja ta tamau. Iskar cikin tashar kuwa an daidaita ta da irin ta bakin teku a nan duniya, sauti yana tafiya cikinta lafiya lau. A waje ne babu iska, inda ko tambarin sarki aka buga babu kunnen da zai ji. Ashe kayan kiɗa ba su canza ba, makaɗin ne ya canza, tun daga tafin ƙafarsa har harshensa. A nan gwanintar take, kuma sai ka san wahalar za ka san darajar abin da kake ji.

Da farko dai jita ba ta zama. A ƙasa nauyinta ke kwantar da ita a cinya, ko ya rataye ta a kafaɗa, don maratayi ba ya aiki sai abin da aka rataya yana da nauyi. A sama ka kaɗa tsirkiya da dama, jita ta juya. Ka danna wuyanta da hagu, ta zille. Dole ka matse ta da damtse da ƙirji, alhali hannun da ke matsa shi ne ya kamata ya saki jiki ya yi kiɗa.

Sannan hannu ya rasa ma'auninsa. Hadfield ya sha bayyana cewa hannunsa na hagu zarce inda ya nufa yake yi a wuyan jita. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwarsa ta saba aika ƙarfin da zai ɗaga hannu mai nauyi. Yau ga hannun babu nauyi, ƙarfin kuwa yana nan yadda ya saba, sai yatsu su sauka gaba da wurinsu. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana kaɗa jita ya koma ɗan koyo, ya sake sanin nisan da ke tsakanin wannan gaɓa da waccan. Bai ji kunya ba, ya koya. Ni wannan kaɗai ya isa in ɗaga masa hannu.

Ga kuma ƙa'idar da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, cewa duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai gwargwado. A nan ƙasa ce ke shanye turin ba mu sani ba. A can babu mai shanyewa. Carl Walz, wanda ya zauna a tashar daga ƙarshen 2001 zuwa tsakiyar 2002, in ya danna piyanon lantarki sai piyanon ya gudu, har sai da ya maƙale ƙafafunsa ya ɗaure abin a cinya da igiyar roba. Ellen Ochoa da ta busa sarewa a kumbon Discovery a 1993 sai da ta soka ƙafafu cikin madauki, don 'yar iskar da ke fita daga sarewa ma tana iya gusar da mutum.

Murya kuwa ita ta fi shan wuya. A duniya nauyi ke jan jini da ruwan jiki zuwa ƙafafu. In babu shi sai ruwan ya hau ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar mai murar da ba ta warkewa. Hadfield ya kwatanta rera waƙa a can da rera ta kana tsaye a kan kanka. Harshe da leɓɓa ma sun rasa nauyinsu, har ya ce da ya sauko sai da ya ji nauyinsu a bakinsa, ya gyara yadda yake magana. A cikin wannan hali ne mutumin nan ya ja baiti, ya riƙe shi, ya sauke shi a inda ya dace. Tubarkalla!

Na ƙarshe hayaniya. Inda babu nauyi iska mai zafi ba ta tashi sama, numfashin da mutum ya fitar taruwa yake yi a fuskarsa. Shi ya sa fankokin tashar ba sa tsayawa ko na minti ɗaya. Don ya guje wa ƙararsu, Hadfield yakan shige ɗan ƙaramin ɗakin barcinsa, wanda mutum ɗaya kawai yake ɗauka, ya ja ƙofa, ya kafa makirfo da iPad, ya ɗauki waƙa bayan ya gama aikin yini.

Akwai abin da ban ji daga bakin masana ba, sai daga bakin kawuna, wanda ya tsufa yana yi wa manoma kalangu a gayya. Na miƙa masa waya a majalisa bayan la'asar. Ya kalla shiru, bai kula da tagar ba, bai kula da duniyar da ke wucewa ba. Ƙafafun mutumin yake nema.

Ya ce, “Ɗana, wanga mutum ina yat taka?”

Na ce, “Kawu, babu inda ya taka. Can ba a takawa.”

Ya ce, “To in bai taka ba, da mi yaka auna kiɗi? Mu da ƙafa muka aunawa. Hannu na bisa, amma lissafi na ƙasa.”

Na ce, “Sai dai ya auna da zuciya, Kawu.”

Ya sake kallo har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, “Lalle wanga gwani na. Bai ɓata ko guda ba.”

Gaskiyar tsoho ce. Duk makaɗin da ka sani yana da ƙafar da ke bugun ƙasa, ko gwiwar da ke rawa, ko kafaɗar da ke sauka a kan kowane bugu, kuma saukar nan nauyi ke yin ta. 'Yan sama jannati ƙafafunsu sun zama na maƙalewa a ƙarƙashin ƙarafunan riƙo, har tafin ƙafarsu ya yi laushi, bayanta ya yi kanta. Wanda aka ƙwace wa takawa kuma kiɗansa bai yi tuntuɓe ba, lissafin ya zauna masa a ciki ke nan.

Yanzu ga bidiyon kansa. Piyano ke buɗe shi, a hankali, hannun Emm Gryner, mawaƙiyar Kanada da ta taɓa zama cikin ƙungiyar Bowie. Joe Corcoran ya haɗa sautin a nan duniya, ya kuma saƙa ƙarar tashar kanta a ciki, wadda Hadfield ya ɗauko. Kai, wannan dabara ta yi! Abin da ake gudu a matsayin hayaniya ya koma shimfiɗar waƙa. Sai muryar ta shigo. Ba muryar mai neman burge kowa ba ce. Murya ce ta magidanci mai shekara 53 wanda ya san gobe zai shiga ɗan ƙaramin kumbo ya ratsa wuta kafin ya ga iyalinsa. Dubi fuskar nan a kumbure, dubi gashin baki, dubi idon da ke kallon kyamara kai tsaye babu ƙifce. Sai ya koma Cupola, ɗakin nan mai taga bakwai da aka ƙera a Italiya aka kafa a 2010, haske ya zubo masa daga duniya. Wurin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne inda ya saki jitar tana juyi ita kaɗai a iska, tana tafiya cikin lungun tashar, shi kuma ya bi ta. Babu mai shirya fim da zai iya sayen wannan da kuɗi.

Asalin waƙar labarin ɗan sama jannati ne da ya ɓace, ya yanke da mutanensa, babu dawowa. Ɗan Hadfield, Evan, wanda shi ya matsa wa uban lamba ya yi ta, ya gyara wasu kalmomi ta yadda matafiyin zai shiga Soyuz ya dawo gida. Ni a ganina gyaran nan ya ƙara wa waƙar nauyi a zuci. Bowie ya rera tsoron da ya hango daga ƙasa, Hadfield ya rera shi daga cikinsa, kuma ya zaɓi fata. Shi kansa Bowie ya yaba, ya sa ta a sahun gaba cikin duk maimaicin da aka yi wa waƙarsa wajen taɓa zuciya. Izinin shekara ɗaya aka bayar, aka sauke bidiyon daga YouTube a Mayun 2014, sannan ya dawo a Nuwamban shekarar. Gomman miliyoyin mutane sun kalle shi, kuma da sauran masu kallo.

Wanda bidiyon bai ƙosar ba, ga faifai sukutum: Space Sessions: Songs from a Tin Can, wanda ya fito ranar 9 ga Oktoban 2015. Murya da jita a sama aka ɗauke su, sauran kayan kiɗa aka ɗora a ƙasa ƙarƙashin jagorancin Robbie Lackritz. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jewel in the Night, wadda shi da ɗan'uwansa Dave suka tsara, ita ya fara ɗauka a Disamban 2012, kwanaki kaɗan da isarsa, lokacin jikinsa bai gama sabawa ba. A ɗaukar farko da ya aiko kana jin gunjin fanka a baya, kuma ni wannan gunjin ya fi mini tsabtar kowane situdiyo, don shi ne shaidar wurin. Feet Up waƙar rashin nauyin ce kanta, mai fara'a, mai sa ka murmushi ko ba ka jin Turanci. Ride That Lightning tana ɗauke da zafin tashin kumbo. Space Lullaby kuwa waƙar uba ce ga 'ya'yansa daga nesa, kuma duk ɗan Illelar da neman abinci ya taɓa kai shi Ikko ko Agadas ko Libiya ya bar yara a gida zai gane ta tun kafin a fassara masa. Babu ƙarya a faifan nan, babu ado fiye da kima. Mutum ne da tsirkiya shida da gaskiyarsa.

Ba shi ya fara ba, kuma sanin magabatansa yana ƙara masa kwarjini. Ranar 16 ga Disamban 1965, a kumbon Gemini 6, Wally Schirra ya busa 'yar hamonika, Tom Stafford ya kaɗa ƙararrawa, kiɗa ya fara shiga sama ke nan. A 1984 Ronald McNair, baƙar fata masanin kimiyyar fiziks, ya busa saksofon a kumbon Challenger. Ya yi shirin sake busawa a tafiyarsa ta biyu, sai kumbon ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 yana ciki. A Afrilun 2011 Cady Coleman ta busa sarewa daga tasha, mai busa sarewa Ian Anderson yana amsa mata daga ƙasa, don cikar shekara 50 da tafiyar Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sama. A Satumban 2024 Sarah Gillis ta goga gogen Turawa a tafiyar Polaris Dawn, aka haɗa da makaɗa daga ƙasashe daban-daban, har da matasa daga Uganda. Wasu kuma kayan gargajiyarsu suka ɗauka: Koichi Wakata na Japan ya busa shō a 2014, Wang Yaping ta Sin ta kaɗa guzheng a tashar ƙasarta a 2022.

To ina namu? Tun da na fahimci ƙa'idojin nan nake ɗaukar kayan kiɗanmu ɗaya bayan ɗaya ina auna su, kuma sakamakon ya faranta mini rai matuƙa.

Wasu dai a gida za su tsaya. Ƙwaryar da mata ke kifawa a kan ruwa a kiɗan amada, irin na marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, ba ta da wurin zama, don ruwa a can ba ya kwanciya a masaki, dunƙulewa yake yi ya tashi. Gora mai tsakuwa da ake kaɗawa tare da garaya za ta rasa rabin muryarta, don tsakuwar ba za ta zubo gaba ɗaya ta ba da wannan amo mai kaifi ba, watsewa za ta yi tana yawo a ciki. Tambari ka zabga masa duka, kai ka yi gabas shi ya yi yamma. Mai algaita, wanda ke shaƙar iska ta hanci yana tura ta kumatu don kada busa ta yanke, zai gamu da toshewar hanci, ga yawu da raɓar numfashi da ba za su gangaro su fita ba. Mai kakaki zai huta da ɗaukar dogon ƙarfe, sai dai ya nemi lungun da zai ɗauke shi. Mai goge da mai kukuma za su sake koyon danna izga, don wani kaso na dannawar nauyin hannu ke yi.

Amma kalangu! Kalangu kamar don can aka yi shi. Matsalar da ta fi damun Hadfield, wato riƙe abin kiɗa, kakanninmu sun gama da ita tuntuni. Kalangu a hammata yake zama, damtse ke riƙe shi, kuma matsewar da ta zame wa mai jita cikas ita ce ainihin kiɗan mai kalangu, don da ita yake jan tsirkiya ya sa fata ta yi magana. Bugun kuwa daga jikinka yake fita ya koma jikinka, babu abin da zai tura ka bango. Abin da ya rage wa makaɗi ya saba da hannun da ba ya faɗowa da kansa, ya kuma maƙale ƙafa. Ga wani garaɓasa: zafi da laimar tashar a daidaite suke kullum, babu damina da za ta saki fata, babu hunturu da zai busar da ita. Kotson Narambaɗa ma haka, a jiki yake. Kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa, ɗan mitsitsi da ake tallabewa a ƙirji, ko wurin ajiya ba zai ci ba, a tafiyar da ake auna kowane kilo. Gurmin Haruna Uji da na Malam Maman Barka suna bayansa. Gwaji ɗaya ke gabansu: duk abin da za a kai tashar sai an duba ba ya saurin kama wuta, an kuma rufe shi a ɗaki mai zafin kusan digiri 49 na kwana uku a ga irin tururin da yake fitarwa, don can ba a buɗe taga. Itace da tsirkiya sun riga sun wuce gwajin nan a jikin jita. Saura fatar akuya.

Kada wani ya ce mafarki ne. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniyarta, NASRDA, a 1999, ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. A 2006 wata ɗaliba 'yar shekara 17, Stella Felix, ta ɗanɗani rashin nauyi a jirgin horo na musamman a Amurka. A Yunin 2025 Owolabi Salis ya leƙa sararin samaniya na 'yan mintoci a kumbon Blue Origin. Ita kanta tashar ba a ɓoye take ba, tana bi ta kan Illela da Ƙonni. Wasu ranakun bayan magariba ko kafin asuba za ka ga tauraro mai haske sosai, ba ya ƙyaftawa, yana ratsa sama cikin 'yan mintoci. Ita ce. An tsara za a yi mata ritaya wajen 2030, amma wasu tashoshin suna tafe, kuma kowace za ta buƙaci abin da zai ɗebe wa mazaunanta kewa.

Saboda haka ina roƙon duk mai karanta wannan: ka nemi bidiyon nan. In kuɗin intanet ya yi maka tsada, ka je wurin masu tura waƙa a waya a kasuwar Illela su saka maka. Ka kalla sau ɗaya don mamaki, ka sake kalla kana duban hannunsa na hagu da yadda ya matse jitar, sannan ka rufe ido ka saurari muryar kaɗai. Ka kai wa makaɗin unguwarku ya gani, zai faɗa maka abin da ni ban hango ba.

Ga iyaye da malamai kuma ina da magana ɗaya. McNair digirin digirgir gare shi daga jami'ar MIT, bai ajiye saksofon ba. Ochoa injiniya ce da ta kai ga shugabancin cibiyar Johnson ta NASA a 2013, ba ta ajiye sarewa ba. Hadfield ya yi kwamandan tashar da ta fi kowane gini da ɗan Adam ya kafa a sama girma, bai ajiye jita ba. Mu kuwa yaro na nuna son kiɗa sai a ce zai lalace, ɗan gidan makaɗa na nuna kaifin lissafi sai a ce ya bar gadon gida in yana son ya zama mutum. Mu daina raba su. Yaron da zai kai kalangu sama sai ya iya lissafin da zai ba shi kujera a kumbo, sai kuma hannunsa ya iya sa fata ta yi magana, kuma dukkan biyun tun yana ƙarami ake koya masa. Ku bar shi ya riƙe littafi da hannu ɗaya, kalangu a ɗaya hammatar. Allah Ya nuna mana ranar da za a yi wa Sarkin Musulmi take daga can, mu kuma muna nan Lafani muna amsawa.